Murhun jirgin ruwa: a bar shi kan CNG, a juya shi zuwa furofen, ko a sayi sabo?

Wanda ya sayi tsohon jirgin ruwa mai filafilai a Amurka, musamman ƙirar shekarun 1970 da 1980, yakan tarar da murhu mai aiki da CNG, wato irin gas ɗin da yanzu ake sa wa motoci a Najeriya. Sau da yawa murhun lafiyarsa ƙalau. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin cika tukunyar gas ɗin: tashoshin da ke musanya ta sun yi ƙaranci, in kuwa ka nufi tsibiran Karibiyan, sai ka yi ta yawo da tukunya wayam. Furofen, ɗan'uwan gas ɗin girkinmu na gida, kusan ko'ina akwai shi.

Kafin ka taya murhu, ka san halin kowanne. CNG ya fi iska rashin nauyi, in ya yi yoyo sama yake yi ya fice. Furofen ya fi iska nauyi da kusan rabi, don haka gangarawa yake kamar ruwa, ya kwanta a ƙasan cikin jirgi, kusa da inji da batir, yana jiran tartsatsi. A gida sai ka buɗe ƙofa ya fita, amma jirgi kamar ƙwarya yake, ba shi da kafa a gindi.

Shi ya sa a ganina tambayar farko ita ce: ina za ka ajiye tukunyar? Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin lafiyar ƙananan jiragen ruwa a Amurka, ta ce a yi mata akwatinta na musamman, wanda iskarsa ba ta ratsawa cikin jirgi, murfinsa daga sama, da magudana a gindinsa mai faɗin aƙalla rabin inci, tana zubarwa waje sama da inda ruwa ke kaiwa a jikin jirgi. Ramin da doguwar tukunyar CNG ta saba kwanciya ba zai yi ba. Sai sabuwar regileta, geji, bawul na lantarki da ake kashewa daga wurin girki, tiyo guda ɗaya ba haɗi tun daga akwati har murhu, da na'urar shinshinar gas a can ƙasa. Ko ka juya tsohon murhu ko ka sayi sabo, wannan kuɗin sai ka kashe shi. Wasu kan ɗaure tukunyar a ƙarfen bayan jirgi, a sarari. Ya fi arha, sai dai ruwan gishiri yana cin baƙin ƙarfe, gara tukunyar alminiyum ko ta faiba.

Juya tsohon murhu shi ne mafi sauƙin kuɗi, in har kayan sun samu. Furofen na ba da zafi kusan ninki biyu da rabi na CNG a awo ɗaya na girma, ba na nauyi ba, saboda haka dole a sauya ƙananan bakunan da gas ke fitowa da masu tsukakkiyar huda. In aka bar na da, wuta za ta tashi doguwa, rawaya, tana baƙanta tukunyar girki tana fitar da hayaƙi mai kisa. Na tanda ma da nasa aikin, wani lokaci har ma'aunin zafinta sai an sauya. Wasu kamfanonin tsoffin murhunan sun daina aiki, kuma ban ba ka shawarar a toshe huda a sake huda ta a garejin unguwa ba.

Ga abin da zan duba da kaina: kowane kan murhu yana da abin da ke yanke gas in wuta ta mutu? Yawancin tsoffin ba su da shi. In babu, ni dai sabo zan saya, irin na kamfanin Force 10 ko Dickinson, in fara auna faɗin gurbin da inda ake rataye murhun ya riƙa lilo in jirgi ya karkata, don kada a kawo shi ya ƙi shiga.

Mai girki jefi-jefi, shayi da ɗumame a ƙarshen mako, murhun sifirit marar famfo ya ishe shi, ko da yake wutarsa ba ta da ƙarfi. Wanda kuma yake da mai cika masa CNG kusa, kuma ba ya nisa da gida, ya zauna a kan abinsa.

In an gama haɗawa, buɗe tukunya, rufe ta, ka zuba wa gejin ido minti 3. In allurar ta sauka, akwai yoyo, sai ka bi kowane haɗi da ruwan sabulu. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka sauyin da ka yi.