Bututun PPR a madadin tsohon bututun ƙarfe: shekara guda da sauyi

Mun cire bututun ƙarfe na wani tsohon bene mai shaguna da ofisoshi, muka sa na roba, PPR. Yau shekara guda babu yoyo ko ɗaya. Kayan ya ci kuɗinsa, amma fa sai a hannun mai gyaran famfo da ya san aikinsa.

Bututun ƙarfe daga ciki yake mutuwa. Yanka na inci ɗaya ka leƙa, za ka ga tsatsa ta cike ramin har da ƙyar fensir ya shiga. Shi ya sa famfon sama yake ɗigo, ruwan safe kuma ya fito ja kamar shayi. Faci ba ya maganin wannan.

Wurin saye ake fara kuskure. Lambar PPR faɗinsa ne daga waje a milimita, don haka mai lamba 20 na PN20 (ajin ƙarfin jure matsin ruwa) raminsa milimita 13 ne kawai. Babban layi daga tanki a sa 32 ko 40, rassa 25, a bar 20 ga bakin famfo.

Haɗin shi ne ran aikin. Injin ƙonawa, mai narkar da bakin bututu da na mahaɗinsa su manne, ya kai digiri 260 tukuna. Mai lamba 20 daƙiƙa 5 yake so a jikin injin, 25 daƙiƙa 7, 32 daƙiƙa 8, a tura kai tsaye ba murɗawa. In ya wuce haka robar ta narke ta toshe ramin, daga waje kuma ba za ka gane ba. In janareta ba shi da ƙarfi injin bai yi zafi ba, haɗin zai riƙe yau, ya saki bayan an shafe bango. Saboda haka kar a yarda a yi filasta sai an cika layin da ruwa, an matsa shi ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi, an ga allurar awo ba ta sauka ba.

Wajen ƙa'idar gini, magudana ce ke kayar da mutane: tarkon ruwa (lanƙwasar bututu mai riƙe ruwa don tare wari) ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu, bututun iska da ya zarce rufi, da gangarar 1 cikin 40 a layin bayan gida.

Aibin PPR biyu. Rana tana cin sa, dole a rufe na kan rufi. Na biyun ya fi damuna: a tsofaffin gine-gine sau da yawa a jikin bututun ƙarfen aka ɗaura wayar da ke kai wutar lantarki ƙasa. Wutar lantarki ba ta bin roba, don haka a kira mai gyaran wuta ya kafa sabon sandan ƙasa kafin a cire tsohon bututu.