Haƙori ya fita lafiya, leɓe ya ƙi farkawa

Bayan girbi na taso daga ƙauyenmu da ke wajen Ringim, na je wani asibitin haƙori mai zaman kansa a cire mini matauni na ƙarshe, ƙasa ta hagu. Wurin da tsabta, a gabana aka ɓare sabuwar allura, kuma cirewar ba ta kai minti 30 ba. Wannan na yaba musu.

Amma da allurar kashe zafi ta shiga can ƙuryar baki, sai na ji wani abu kamar wutar lantarki ya harbo har leɓena. Na ɗaga hannu, aka ce, "Yi haƙuri Malam, haka take."

Irin wannan allura, lidocaine, takan saki mutum cikin awa 3 zuwa 5. Ni kwana uku rabin leɓena na ƙasa da haɓata suna mace. In ina alwala, ruwan kurkurar baki ya zubo mini a riga ban sani ba. Shayi ya ƙona ni, sai da mai ɗakina ta ga tabon na ankara. Na koma, ko taɓa wurin ba a yi ba, aka ce zai warware. Wannan ya fi komai ɓata mini rai, ga kuɗin mota na kashe.

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na samu bayani. Akwai jijiya da ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa ta fito kusa da haɓa, ita ke kai ji ga leɓe. Allura na iya taɓa ta, saiwar haƙorin ma na iya danne ta wajen cirewa. Likita ya sa na rufe ido, ya riƙa shafa auduga yana tsikara da tsinke, ya zagaye inda ba na ji da biro don a gwada nan gaba. Yawanci abin kan warware cikin makonni, amma in ya doshi wata 3 ba sauyi, sai ƙwararren likitan tiyatar muƙamuƙi, kuma jinkiri na rage sa'ar gyara.

Yau mako bakwai. Wurin ya fara minjirya, ya tsuke bai fi faɗin babban yatsa ba, alhamdu lillahi. Ban ce ganganci aka yi ba, hakan na faruwa ko a hannun gwani. Amma da sun faɗa mini tun kafin allura, sun kuma duba ni da na dawo, da ƙanena ma can zan kai shi. Yanzu kam Kano za mu.