Allon turin sisin kwabo ko na turaku tara?

Ɗan'uwa, cikin wasannin mashayar Ingila biyun da kake tunanin saya wa gida, ɗauki shove ha'penny, na turin sisin kwabo.

Allona na baƙin dutse ne, a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi na same shi a wajen Landan. Layi goma ne a jikinsa, gida tara a tsakaninsu. Tsaba biyar ake ba ka. Ka ɗora ɗaya a bakin allon gefenta ya ɗan leƙo waje, ka buge ta da gindin tafin hannu, ta sulala ta tsaya cikin gida ba ta taɓa layi ba. Kowane gida sai ka ci shi sau uku, ana ja maka alli a gefe. Da baffana ya zo mana daga Kano a hunturun bara, ya ɗauki tsabar ya jujjuya, ya ce, "Ai sisin kwabo ne wannan, sai dai namu na da yana da huda a tsakiya." Bayan isha'i muka zauna, ya yi ta gwada hannu har shayinsa ya huce. Da ya ci gida na tara sai da ya kira jikokinsa su gani.

Ɗayan kuwa, devil among the tailors, turaku tara ne da ƙwallon katako ɗaure da sarƙa a jikin sanda, jifa uku. Yara sun so shi na mako guda. Ƙara ce da tsintar turaku a ƙarƙashin kujera, kuɗina dai sun tafi.

Ka kula da masu sayarwa a intanet. Wasu falanki mai arha suke shafe wa da baƙin fenti su ce daga tsohuwar mashaya ya fito, alhali fenti riƙe tsaba yake yi. Wasu kuma su haɗo maka da ƙaramin sisin kwabon 1971, wanda ya yi wa gidajen ƙanƙanta. Na ainihi faɗinsa inci ɗaya ne, irin mai hoton jirgin ruwa da aka buga daga 1937 zuwa 1967, kuma 'yan wasa kan goge fuska ɗaya ta yi sumul. Kada ka tura ko kwabo sai mai kaya ya nuna maka bidiyon tsaba tana sulalawa, ya kuma ɗora rula a kan allon ka ga bai lanƙwashe ba.