Agogon girki a kan teburin malami

Watanni uku ke nan da na sayi wani ɗan agogon girki mai siffar tumatir a babbar kasuwar Katsina, kuma har yau bai taɓa leƙa madafa ba. Na saye shi ne saboda duba takardun jarrabawar ɗalibai, aikin da a da nakan duƙufa a kansa tun bayan sallar Asuba har hantsi ya dubi ludayi, in tashi da ciwon wuya, takardun ƙarshe kuwa ba su sami adalcin da na farko suka samu ba.

Tsarin da nake bi na wani ɗan Italiya ne, Francesco Cirillo, wanda ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibin jami'a: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu kuma a huta minti 15 zuwa 30. Sunan tsarin ma, Pomodoro, tumatir yake nufi a harshensu, domin da irin wannan agogo ya fara.

Wayar hannu tana iya ƙidayar nan, amma duk lokacin da na ɗauke ta don saita lokaci, sai saƙonnin WhatsApp su riƙe ni, hutun minti biyar ya koma rabin awa. Shi kuwa agogon nan wani ake yi masa da hannu, ba ruwansa da batir, balle a ce an ɗauke wuta. Da ya buga ƙararrawa nakan ajiye biro ko da ina tsakiyar shafi, in zaga tsakar gida, in sha ruwa, sannan in dawo idona garau.

Yana da nasa aibin. Dole ne a murɗa shi har 60 kafin a dawo da shi 25, in ba haka ba ƙararrawar takan fito a shaƙe, kuma mai rumfar bai gaya mini ba. Idan kuwa an yi masa cikakken wani, ƙararsa tana iya tayar da yaron da ke barci, shi ya sa da dare nake kifa masa hula. Na kuma lura minti 25 ya dace da duba takardu, amma ya yi kaɗan ga tsara darasi, inda tunani ke fara nuna a daidai lokacin da ƙararrawa za ta katse shi. A nan nakan kai shi 45.