Gargaɗi: Kada ka liƙa umarnin da wani shafi ya ba ka a kwamfuta

Jama'a a yi hattara da wata damfara da ta yaɗu tun 2024, wadda ake kira ClickFix. Kana neman fim ko manhajar kyauta, sai shafi ya tare ka da akwatin nan na tabbatar da cewa kai mutum ne. Maimakon ka zaɓi hotunan mota kamar yadda aka saba, sai a ce danna maɓallin Windows da R (wanda ke buɗe akwatin Run, inda ake ba kwamfuta umarni), sannan Ctrl da V, sannan Enter. Ashe shafin ya riga ya kwafa maka umarni a ɓoye. Da hannunka ka liƙa, PowerShell, manhajar Windows mai aiwatar da umarni, ya aiwatar.

Abin da ke biyo baya shi ne abin tsoro. Umarnin yakan sauke wata ƴar manhaja, ita kuma ta kira kwamfutar ɓarawon daga ciki, ta ƙofar 443 da duk shafi mai https ke bi. Katangar tsaron kwamfuta (firewall) an gina ta ne musamman don tare mai shigowa, to ga shi ɗan gida ne ya zare sakata. Ba kuma kamar AnyDesk ba ne, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, da za ka ga kibiyar allo tana yawo ita kaɗai. Nan shiru kake ji, ɓarawon kuwa yana can yana rubuta umarni, yana kwashe kalmomin sirrin da ka adana a Chrome.

Manhajojin buɗe irin wannan hanya daga cikin kwamfuta zuwa waje, su ngrok da Cloudflare Tunnel, halal ne, masu rubuta manhaja na aiki da su kullum. Amma a 2024 kamfanin tsaron intanet na Proofpoint ya bayyana yadda ƴan damfara ke bin ta Cloudflare ta kyauta suna raba muggan manhajoji irin su AsyncRAT da XWorm.

Masu shagon kwamfuta ne na fi ji wa, domin takardun mutane da lambobin NIN ɗinsu jibge suke a na'ura ɗaya. Ku ja kunnen yaran shago. Babu tantancewar gaskiya da ke sa mutum ya buɗe akwatin Run.

Wanda ya riga ya danna, ya cire intanet nan take, ya canza kalmomin sirri daga wata na'urar daban, ya sanar da bankinsa, sannan a goge kwamfutar a sake ɗora mata Windows.