Hattara da masu "tayar da injin da ya sha ruwa" a wuni ɗaya

Duk inda ambaliya ta janye, kamar yadda aka gani a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba 2024, sai a tarar da motoci jibge cikin laka, masu su kuma hankali a tashe. A daidai wannan lokaci ne wasu ke bi gida-gida, ko su tallata kansu a Facebook da WhatsApp, da batir a bayan babur da wata kwalbar "maganin wanke inji". Alƙawarinsu ɗaya ne: ka ba da kafin alƙalami, kafin la'asar motarka ta tashi, ba sai an kira janwe ba. Jama'a, a yi hattara da su.

Ga yadda cutar take. Suna zuwa sai su zuba abin kwalbar cikin baƙin mai, su ɗaura batirinsu, su murɗa makulli. Illar tana cikin wannan murɗawar. Iska da fetur fistin ke matsawa a cikin silinda, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. Idan ya bi ta matatar iska ya zauna a kan fistin, aka tilasta injin ya juya, ƙarfin sai ya koma kan konrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwasa shi, wani lokaci ya karye har ya huda bulok, wato gangar jikin injin. Abin takaicin shi ne, motar da ruwa ya tarar a ajiye, a kashe, galibi konrod ɗinta lafiya lau yake. Su ne suke lalata shi a gabanka, sannan su girgiza kai su ce, "Alhaji, ai tun a cikin ruwa ya yi nokin." Daga nan sai cinikin gaske: suna da inji ɗan Beljiyam da za su kawo maka, kuma za su "taimaka" su ɗauke tsohon a kuɗin gwangwan. Tsohon nan da an bi shi a hankali zai tashi, shi za su gyara su sayar wa wani.

Babu wani ruwan kwalba da ke fitar da ruwa daga silinda ko laka daga kwanon mai. Sai an buɗe.

Bakanike na gari, abu na farko da zai yi shi ne cire kan batir, ba ɗaurawa ba. Sai ya buɗe gidan matatar iska. In ta jiƙe, to a ɗauka ruwa ya kai ciki. Ya zaro sandar awon mai: idan man ya haura alama, ko ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya gauraya da shi. Amma fa a motar da ba a tayar ba, ruwan yakan kwanta a ƙasan kwano saboda ya fi mai nauyi, sandar ta nuna kamar ba komai. Shi ya sa ake kwance noti na ƙasa, ruwan ne zai fara zuba kafin mai.

Sannan a cire filogi duka, in dizal ce a cire nozul, a sa sifana a kan fulin karanshaf a juya injin da hannu. Da hannu, ba da kik ba. Idan ya cije, a tsaya nan, kada a tilasta. Idan yana juyawa sumul, ruwan zai fito ta ramukan filogi, a busar da iska, a ɗiga ɗan mai a kowane rami saboda tsatsa, wadda ke fara kama bangon silinda cikin 'yan kwanaki. Sai sabon baƙin mai da sabuwar filta (ƙaramar mota mai silinda huɗu irin Corolla tana shan wajen lita 4), a bar injin ya ɗan yi aiki ya ɗumi, a zubar a sake. In har yanzu yana fari-fari, a kuma sakewa. Wanda ya ce zubi ɗaya ya isa, kuɗin man yake so ya soke. Tankin fetur ma a zuƙe shi, domin ruwan a ƙasa yake taruwa, inda famfo ke ja.

Giya mai sarrafa kanta ta fi inji rashin haƙuri da ruwa. Kaɗan ya isa ya sa fatar da ke manne da faifan kuloci ta ɓanɓare, kuma ba ranar za ta nuna ba, sai bayan makonni, lokacin mai kwalba ya daɗe da sauya layi. Haka birenbos, wato kwamfutar motar, da soket-soket na ƙarƙashin kujera. Aikin mai rewaya ne, a buɗe a wanke a busar kafin wuta ta bi ta ciki.

In an ce maka inji ya mutu, nemi hujja. A gwada matsin kowace silinda da geji a kan idonka. Masu lafiya sukan zo kusa da juna, bambancin bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wadda konrod ɗinta ya lanƙwashe za ta faɗi ƙasa sosai. Ka ɗauki hoton lambar injinka kafin motar ta bar hannunka, kada ka biya kuɗin wani inji kafin ka ji shi yana aiki an kuma rubuta maka lambarsa a rasit, kuma duk abin da aka kwance, har tsohon injin, a dawo maka da shi gida.