Daga RAV4 2010 zuwa RAV4 2016, RAV4 2019 ko CR-V 2017: wace ce ta fi cin kaya?

Alhaji, tambayarka ta fito sarai. Kana riƙe da Toyota RAV4 ta 2010, 'yar Amurka, mai taya a ƙofar baya, kana so ka yi furfure da ita ka cika kuɗi ka hau wadda ta fi ta sabunta. Idonka yana kan uku: RAV4 ta 2016, RAV4 ta 2019 da Honda CR-V ta 2017. Abin da ya fi damunka shi ne but, domin ku biyar ne da Hajiya da yara uku, kuma duk sallah da hutun makaranta kuna tafiya gida da kaya, ku dawo da hatsi.

Amsar da zan ba ka kai tsaye ita ce CR-V ta 2017 ta fi sauran fili, amma ratar ba ta kai yadda kake zato ba. RAV4 ɗin biyu kuwa ba wani abin kirki da za su ƙara maka, ta wani ɓangaren ma ragi za ka gani. Motar da ke hannunka tana cikin mafi faɗin ciki a ajin ƙananan jif, kuma mutane da yawa ba sa gane haka sai bayan sun rabu da ita.

Ga abin da kamfanonin suka rubuta na ƙirar Amurka, na mayar da shi lita don sauƙin lissafi. Idan kujerun baya suna tsaye, mutane na zaune a kai, taka ta 2010 tana da kimanin lita 1,030. RAV4 ta 2013 zuwa 2018, wadda ta 2016 ke cikinsu, tana da kimanin 1,090. Ta 2019 ta sauko zuwa kimanin 1,065. CR-V ta 2017 zuwa 2022 tana da kimanin 1,110. Idan aka kwantar da kujerun baya, taka tana kai 2,070, ta 2016 tana kai 2,080, ta 2019 ba ta wuce 1,980 ba, CR-V kuma tana kai 2,150. Ka ga ke nan tsakanin motarka da wadda ta fi kowace, bambancin lita 80 ne, wato jarka uku ta lita 25 da ɗan ɗoriya. Tsakaninta da ta 2019 kuwa jarka ɗaya ce da rabi, kuma da zarar an kwantar da kujeru, tsohuwar taka ce a gaba.

Kada wani ya ruɗe ka da lambar da ya gano a intanet ya ce RAV4 ta 2019 lita 580 kawai take da shi, ko ya ɗauko 1,110 na CR-V ya ajiye kusa da 580 ɗin ya ce ninki biyu ce. Awo biyu ne daban. A Amurka suna aunawa tun daga ƙasa har rufi, a Turai kuma suna jera tubalan lita ɗaya-ɗaya su tsaya daidai tsayin bayan kujera. Awon Turai ya fi kusa da yadda mai hankali ke loda mota, tunda kayan da suka rufe gilashin baya sun hana ka ganin wanda ke binka, kuma birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kifo akwati a kan yara. Sai dai idan za a kwatanta, a kwatanta na Amurka da na Amurka.

Inda maganar take da nauyi shi ne tayar ko-ta-kwana, wato safaya. A motarka tana waje, rataye a ƙofar baya, kuma cikakkiyar taya ce girman sauran huɗun. Saboda haka but ɗinka gaba ɗaya na kaya ne, har da ramin nan da ke ƙarƙashin murfin ƙasa inda ake zuba jak da igiya da galan ɗin bakin mai da takalman yara. Daga 2013 Toyota ta cire tayar daga ƙofa ta mayar da ita cikin wannan ramin. Honda ta riga ta yin haka tun CR-V ta 2007. Abin da ake sawa a ramin a ƙirar Amurka siririyar taya ce ta wucin gadi, wadda aka rubuta a jikinta kada a wuce gudun kilomita 80 a awa, an yi ta ne don ta kai mutum wurin mai faci mafi kusa. A cikin Kano ko Abuja ta isa. Amma mutumin da zai bar kwalta ya shiga hanyar ƙauye da iyali da buhuna, ko wanda taya ta fashe masa da magariba a dajin da ba a son tsayawa, ba zai so ya dogara da ita ba. Abin da yawanci ake yi shi ne a sayi cikakkiyar taya da gammonta a jefa a but.

To, yi lissafin. Taya mai lamba 225/65R17, wadda ita ce a mafi yawan RAV4 na waɗannan shekarun, faɗinta daga gefe zuwa gefe ya kai santimita 72, kaurinta kuma sama da 22. Filin da take ci ya kusa lita 90, kuma da yake zagaye take, kaya ba sa jeruwa a gefenta yadda ya kamata. Taya ɗaya ta cinye duk ƙarin da RAV4 ta 2016 ta yi maka, ta cinye na CR-V ma. Wasu suna samun su cusa cikakkiyar a ramin, amma sau da yawa murfin ba ya kwanciya daidai, sai ya ɗago ya rage zurfin but ɗin. Wannan abu ne da za ka gwada da hannunka a wurin dillali kafin a yi ciniki. Akwai kuma wahalar da ba a tunawa da ita sai ranar da ta faru: idan taya ta yi faci a hanya kuma safayar tana ƙarƙashin kaya, sai an sauke komai a bakin titi, buhu da kula da akwatin Hajiya, kafin a kai gare ta. A motarka ta yanzu ba ka taɓa kaya ko ɗaya.

A maganar ƙofa kuwa sababbin sun fi taka, ba gardama. Ƙofar RAV4 ta 2010 gefe take buɗewa, kuma maƙalanta suna dama. Mu da muke tuƙi a hannun dama, idan ka tsaya a bakin titi ka buɗe, ƙofar ce ke shiga tsakaninka da gefen hanya, sai ka zagayo ta ɓangaren motoci kana loda kaya. Idan wani ya matse ka ta baya a kasuwa, ko ka ja baya ka kusanci katanga, ba za ta buɗu duka ba. Nauyin tayar kuma yana sa ƙofar ta riƙa sauka da shekaru, ta fara ƙara a gargada. Sauran ukun duk sama suke ɗagawa, ba sa neman fili mai yawa a baya, kuma suna yi maka inuwa ko rumfa idan ana ruwa. Masu tsadar cikinsu da maɓalli ake ɗaga ƙofar. Abu ne mai daɗi, amma ka danna shi sau biyu ko uku ka ji ko yana tsayawa a hanya, domin gyaransa ba araha ba ne.

Sai siffar cikin but ɗin, wadda ita ce ke sa mota biyu masu lita kusan ɗaya su bambanta ƙwarai a wurin lodi. RAV4 ta 2016 tana da baki mai faɗi kuma ƙasanta yana kusa da ƙasa sosai, ɗaga buhun shinkafa ko janareta ƙarami a saka ba ya karya ƙugu. Amma ta rasa abu ɗaya da taka take da shi: kujerun bayanka suna zamewa gaba da baya. Da yara ƙanana a baya, kana iya tura kujerar gaba ka ƙara wa kaya wuri. A ta 2016 da ta 2019 jingina kawai kujerar take yi, ba ta matsawa. CR-V ta 2017 ita ma bakinta a ƙasa yake, gefunanta a miƙe, kuma murfin ƙasanta hawa biyu ne. Ka saukar da shi ka samu zurfi don kula da bokiti su tsaya, ko ka ɗaga shi ya yi daidai da kujerun da aka kwantar, ya zama shimfiɗa ɗaya mai tsawon fiye da mita ɗaya da rabi, ta ɗauki katifa ƙarama ko talabijin a kwalinsa. Tana da hannuwa a gefen but ɗin da za ka ja kujerun su kwanta ba sai ka zagaya ba. RAV4 ta 2019 ma murfinta hawa biyu ne, har ana juya shi ɓangaren roba ya dawo sama, abin da zai yi maka amfani ranar da ka ɗauko manja ko kaji.

Idan aka nuna maka RAV4 ta 2016 mai haɗin batir da fetur, ka sani batirin ya ɗan ci wuri, but ɗin ya koma kimanin lita 1,010, ƙasa da taka. A ta 2019 sun mayar da batirin ƙarƙashin kujerar baya, fili bai ragu ba.

Akwai abin da ya fi fili muhimmanci ga irin tafiyarka, shi ne nauyi. But zai iya cin buhu biyar, amma motar ba a yi ta don haka ba. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. A CR-V kilo 385 ne, RAV4 ɗin ma duk a nan kusa suke, ba su yi wa kilo 400 nisa ba. A ce kai da Hajiya da yara uku kun kai kilo 250. Abin da ya rage bai wuce 135 ba: buhun shinkafa biyu na kilo 50 da akwati ɗaya, ko buhun masara ɗaya babba da 'yan tarkace. Duk abin da ya hau kan wannan, shokozoba da tayoyin baya da birki ne ke biya. A nan babu wadda ta fi wata a cikin huɗun, kuma sayen sabuwa ba zai canja komai ba.

Abin da zai canja shi ne tsayin cikin motar daga ƙasa, kuma a nan RAV4 ta 2016 ce ta baya. Taka tana da kimanin santimita 19. Ta 2013 zuwa 2018 ta sauko zuwa kimanin 16. Ta 2019 ta haura zuwa 21, CR-V ta 2017 ma tana tsakanin 20 da 21. Santimita uku ba komai ba ne a kan takarda, amma idan mota ta cika da mutane da hatsi bayanta ya zauna, shi ne bambancin wucewa lafiya da jin ƙasan motar yana gogar tudun titi ko bakin kwalbati. Ga mai zuwa ƙauye da damina, wannan kaɗai ya isa ya sa in cire ta 2016 daga lissafi, duk da cewa injinta mai lita 2.5 da giyarta mai hawa shida suna da juriya kuma bakanikenka ya san su.

Idan kana da niyyar mayar da motar mai amfani da gas na CNG, kamar yadda mutane suka raja'a tun bayan cire tallafin fetur a 2023, to tukunyar a but ake ɗaure ta, a bayan kujera, daidai wurin da ya fi amfani. Ta kuma hana ka shimfiɗar nan idan ka kwantar da kujeru, ga nauyinta da za a cire daga kilo 135 ɗin da muka lissafa. Ka yanke wannan shawarar kafin ka zaɓi mota.

Ba inji ka tambaya ba, amma ba zan tura ka ga CR-V ban faɗa maka ba. Mafi yawan na 2017 suna da ƙaramin inji mai lita 1.5 da turbo, giyarsu kuma CVT ce, wato otomatik marar hawa-hawa, mai man kanta na musamman, ba ta yafe wa wanda ya zuba mata ko wane irin mai. Ƙirar LX ta 2017 zuwa 2019 tana da inji mai lita 2.4 ba turbo, but ɗin kuma iri ɗaya ne da na sauran. Ni ita zan nema. RAV4 ta 2019 injinta 2.5 ne ba turbo, da giya mai hawa takwas, sai dai cikon da za ka bayar zai fi yawa.

Saboda haka idan fili ne kaɗai dalilin canjin, ka riƙe motarka, ko ka tsallake ajin gaba ɗaya ka dubi manyan motocin Toyota, Highlander ko Sienna. Idan kuwa motar ta gaji ne kuma dole a canja, CR-V ta 2017 ce ba za ta sa ka ji an matse ka ba, RAV4 ta 2019 na biye da ita. Gani ya kori ji: ranar da za ka je duba su, tafi da babbar kular Hajiya da akwatin da ya fi girma da tef na awo. Auna faɗin tsakanin tudun tayoyin baya biyu, auna daga bayan kujera zuwa bakin ƙofa, ka gwada da abin da ka auna a taka. Ka sa kayan ka rufe ƙofar da kanka.

Kuma tunda ka ɗaga murfin ƙasa don gwada taya, cire safayar ka dubi ramin da fitila. Da yawa daga motocin nan daga gwanjon motocin haɗari na Amurka ake sayo su, kuma wadda aka daka ta baya a nan take nunawa: ƙarfe mai tamoji, sabon fenti a ɓangare ɗaya, walda, ko tsatsa da alamar ruwa ya taɓa kwanciya. Motar da aka miƙe bayanta ba daidai ba, ƙofarta ba ta rufuwa ruf, ƙura da ruwan sama za su riƙa shiga kan kayanku. Idan ka ga haka, ka wuce ta ko da dillalin ya rage kuɗi.